Yadda Ake Dasa Bishiyar Elm Don Inuwa a Ƙofar Gida a Amurka

Shekarar da muka tare a gidanmu da ke bayan garin Atlanta, babu abin da ya tsaya mini a rai kamar ƙofar gidan. Fili ne fetal, ciyawa shar kamar darduma, amma babu ko kara ɗaya da zai tare wa mutum rana. Daga ƙarfe uku na yamma a watan Yuli rana takan gasa bangon falo, na'urar sanyaya ɗaki ta yi ta gurnani har magariba. Ni kuwa da na tashi a gidan da ake shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya bayan la'asar, sai na ji gidan bai cika gida ba. Darbejiya ba ta jure hunturun nan, daren ƙanƙara ɗaya ya isa ya gama da ita. Na yi ta tambaya, na yi ta bin tituna ina ɗaga kai, daga ƙarshe na tsaya a kan elm.

Bayanin nan na 'yan'uwa ne mazauna Amurka da Kanada da Turai da Allah ya hore wa fili a gaban gida. Wanda ke Kano ko Maraɗi kada ya wahalar da kansa: elm bishiyar ƙasashen sanyi ce, kuma darbejiya da cediya da maɗaci sun fi ta sanin ranarmu.

Fara da sanin wace elm za ka saya

A nan ake cin riba, a nan kuma ake faɗuwa. Dalili shi ne wata cuta da ake kira cutar elm ta Holan. Ba daga Holan ta fito ba, masanan ƙasar ne suka gano ƙwayar da ke haddasa ta a farkon shekarun 1920, sunan ya bi su. Wata irin funfuna ce da ƙananan ƙwari masu huda ɓawo ke ɗauka daga bishiya zuwa bishiya. Idan ta shiga, sai hanyoyin da ruwa ke bi a cikin itacen su toshe, bishiya ta mutu da ƙishirwa alhali gindinta a jiƙe yake. Ta shigo Amurka wajen 1930 a cikin gumagumai da aka kawo daga Turai, ta share titunan garuruwan da a da rassan elm ke haɗuwa a samansu kamar rumfa. A Birtaniya, wani nau'inta da ya fi muni ya ɓulla a ƙarshen shekarun 1960, ya kashe bishiyoyi fiye da miliyan 25. Don haka in ka ce wa dattijon maƙwabcinka Ba'amurke za ka dasa elm ya girgiza kai, kada ka ga laifinsa, abin da ya gani da idonsa yake tunawa.

Yanzu akwai waɗanda ke jure cutar, kuma zaɓi biyu ne a gabanka.

Na farko elm ɗin Sin, wadda masana ke kira Ulmus parvifolia. Asalinta ƙasashen Sin da Koriya da Japan. Tsayinta yakan kai mita 12 zuwa 15, ganyenta ƙanana masu sheƙi, kuma adonta a ɓawo yake: idan ta manyanta ɓawon yakan riƙa ɓarewa fala-fala, jikin ya fito dabbare-dabbare da ruwan toka da kore da ruwan goro. Tana jure zafi, tana jure ƙasa maras kyau, cutar Holan kuma ba kasafai take kama ta ba. Sunayen da za ka gani a jikin takardar dashe su ne Allee da Athena, waɗanda aka zaɓo daga harabar Jami'ar Jojiya, sai Bosque mai miƙewa sama, da Drake da ta fi son kudu mai ɗumi. Ita na dasa, kuma ga mai matsakaicin fili daga Maryland zuwa Texas ita zan ce ya ɗauka.

Na biyu elm ɗin Amurka, Ulmus americana, uwar inuwa. Takan wuce mita 20, rassanta su buɗe sama kamar laima. Duk wanda ya taɓa bin doguwar hanyar nan ta cikin Central Park a New York ya san abin da nake nufi. Amma kada ka sayi wadda ba ta da suna. Nemi Princeton, wadda aka zaɓo tun 1922, irinta ce aka jera a titin Pennsylvania a gaban Fadar White House. Ko Valley Forge da New Harmony da gandun bishiyoyi na gwamnatin tarayya ya fitar a 1995, ko Jefferson. Waɗannan juriya gare su, ba tsari ba, wata rana ɗaya daga cikinsu kan iya kamuwa. Su ne suka dace da arewa mai tsananin sanyi, irin Minnesota da yawancin Kanada, inda ta Sin ba ta kai labari. Mazauna Ingila da Faransa su tambayi New Horizon ko Lutèce.

Akwai kuma ta ukun da za ka guje wa. Elm ɗin Sabiriya, Ulmus pumila, wadda wasu masu sayarwa ke laƙaba wa sunan ta Sin. Saurin girma gare ta kamar zogale, kuma kamar zogalen take wajen karyewa, ga 'ya'yanta suna tsirowa ko'ina har jihohi da dama sun sa ta cikin tsirrai masu mamaye daji. Hanyar bambancewa mai sauƙi ce: ta Sabiriya a farkon shekara take zuba iri, ɓawonta baƙi-baƙi mai kaushi, ta Sin ta gaskiya sai wajen Satumba zuwa Nuwamba. Idan babu sunan Latin a jikin takardar, bar musu kayansu.

Kada kuma ka tono ɗan tsiro a gindin wata tsohuwar elm don ka huta da kashe kuɗi. Masu sunan nan ta hanyar yankan reshe ko aure ake yaɗa su. Wanda ya fito daga iri ba lalle ya gaji juriyar uwarsa ba.

Wuri

Tsaya a filin da ƙarfe huɗu na yamma ka ga inda rana ke dukan gidan. Yamma ko kudu maso yamma da ginin, nan inuwa ke da amfani. Bishiyar na son rana sosai, aƙalla awa shida a yini. Ka ba ta tazarar mita 6 daga bango idan ta Sin ce, mita 9 ko fiye idan ta Amurka ce, sannan mita 2 zuwa 3 daga daɓen mota da hanyar ƙafa, domin saiwarta sama-sama take bi, tana iya ɗaga siminti. Ɗaga kai ka duba wayar lantarki: in tana saman wurin, sake wuri, in ba haka ba ma'aikatan wuta za su zo su yi mata askin da ba za ka so ba. Mai sokawe a bayan gida ya nisanta ta da shi, mai faifan sola a rufi ya lissafa inda inuwa za ta kai nan da shekara goma.

In biyu za ka dasa na Amurka, raba su da kamar mita 15. Saiwoyin elm biyu da ke kusa sukan haɗe a ƙarƙashin ƙasa, cuta ta bi ta nan ba tare da ƙwaro ba.

Kafin shebur ya taɓa ƙasa, in a Amurka kake, buga lambar waya 811. Kyauta ne, kuma doka ce. Cikin 'yan kwanaki za a zo a shata maka inda bututu da wayoyi suka bi, da fenti ko 'yan tutoci: ja na lantarki, rawaya na gas, shuɗi na ruwan sha, ruwan lemo na wayar sadarwa. Bututun ban ruwan ciyawa da mai gida ya sa da kansa ba ya cikin lissafinsu, wannan kai za ka nemo. Idan unguwarku na da ƙungiyar masu gidaje, nemi izininsu a rubuce, don sun iya aiko takardar tara.

Sai gwajin ƙasa. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, bari ya tsotse, sake cikawa. In ka dawo washegari ka tarar da ruwa kwance, wurin na riƙe ruwa. Jar lakar jihar Jojiya, inda Atlanta take, ta shahara da wannan. Ko ka canja wuri, ko ka yi ɗan tudu mai faɗi ka dasa a kai.

A wurin masu sayar da dashe

Ido zai kai ka kan babbar. Danne zuciyarka. Wadda kaurin jikinta bai wuce inci 1 zuwa 2 ba ta fi saurin kama ƙasa, kuma sau da yawa cikin 'yan shekaru takan kamo wadda aka dasa da girmanta, ga sauƙin kuɗi, ga sauƙin ɗauka. Duba mai jiki ɗaya miƙaƙƙe har sama, ba mai kai biyu ba. Duba ɓawo kada a sami ƙujewa. Sannan, ko mai shagon zai harare ka, zare ta daga robar ka ga saiwa. Idan saiwoyi masu kauri sun nannaɗe kamar gammo, ajiye ta ka ɗauki wata.

Lokacin dashe a kudu daga Oktoba ne zuwa Disamba, sa'ad da zafi ya karye amma ƙasa na da sauran ɗumi. A arewa a jira ƙasa ta narke, wajen Afrilu ko Mayu.

Ranar dashe

Zan daɗe a nan, domin a nan na kashe bishiyata ta farko. Na haƙa rami mai zurfi irin wanda muke yi wa mangwaro a gida, na zuba taki buhu guda, na binne ta har wuya don kada iska ta kayar da ita. Shekara biyu tana nan jiya i yau, ganye ƙanana, rassan sama suna bushewa. Wani dattijo maƙwabcina da ya yi ritaya daga aikin lambu ya zo ya durƙusa, ya tona gindin da yatsa, ya ce mini bishiya ba turken awaki ba ce. Da muka tono ta, gindin ya ruɓe zagaye.

Ga yadda ake yi. Da farko nemo wuyan saiwa, wato daidai inda jikin bishiya ya fara buɗewa kamar ƙafar giwa kafin saiwoyi su rabu. Sau da yawa a binne yake a cikin robar, sai ka share ƙasar sama da hannu har ka gan shi. Auna daga nan zuwa ƙasan curin saiwar. Wannan shi ne zurfin raminka, har ma ka rage santimita 3 zuwa 5, don wuyan ya ɗan fi ƙasa tudu. Faɗi kuwa ninki biyu ko uku na curin, gefen ramin a kishingiɗe kamar kwano. Kada ka sassauta ƙasan ramin, domin in ya yi laushi bishiyar za ta nitse daga baya. Idan laka ce kuma shebur ya goge bangon ramin ya yi sulɓi, farfasa shi da diga, in ba haka ba saiwa za ta yi ta kewaya kamar a cikin tukunya.

Kwantar da robar ka zare bishiyar, kada ka finciko ta ta jiki. Ɗauki wuƙa mai kaifi ko zarto ka fere bayan curin zagaye, kaurin yatsa biyu, don yanke saiwoyin da suka fara nannaɗewa. Da ban tausayi a ido, amma gata ne: saiwar da aka bari tana kewaya ita ce ke shaƙe bishiya bayan shekara goma. Idan irin wadda aka naɗe da buhun algarara da kwandon waya ce, sai ta zauna a ramin tukuna, sannan ka kwance igiyar wuya gaba ɗaya, ka yanke aƙalla rabin sama na wayar da buhun ka fitar.

A sa wani ya ja baya ya duba ta ɓangare biyu ko ta miƙe. Ni uwargida ce ta yi mini wannan, tana daga bakin ƙofa tana cewa, “Maigida, ɗan matsa da ita hagu,” har sau biyar. Mayar da ƙasar da ka haƙo, ita kanta, ba tare da taki ko baƙar ƙasar buhu ba. Ramin da aka cika da daɗi yakan sa saiwa ta ƙi fita neman abinci, kuma a cikin laka ya zama kwatarniyar ruwa. In ka kai rabi, zuba ruwa bokiti biyu ya zaunar da ƙasar, sannan ka ƙarasa. Danna da tafin hannu ko ka taka a hankali, ba irin takun daɓe ba. Yi ɗan kewaye da ƙasa a bakin curin don ya tare ruwa.

Daga nan sai lulluɓi. Baza niƙaƙƙen ɓawon itace ko ganyen bishiyar fayin (pine), kaurin santimita 5 zuwa 8, faɗin aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin bishiyar. Za ka ga masu gyaran fili suna tula shi a gindi kamar suri. Kada ka kwaikwaya, ruɓar da ɓawo yake yi, ya zama maɓoyar ɓeraye. Babban amfanin lulluɓin ma shi ne ya nisanta injin yankan ciyawa daga gindin, don ɓawon ƙaramar elm siriri ne, zaren injin nan mai juyawa yana iya yi mata zobe a yini ɗaya. Dakalin siminti da muke zagaya wa bishiya a gida, da farar ƙasa da ake shafa mata, duk a bar su.

Turke sai in wurin na da iska ko bishiyar na rangaji. In za ka kafa, biyu sun isa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi sako-sako yadda za ta iya motsi, a cire bayan shekara guda.

Ruwa

Mako biyun farko kullum, kamar lita 10 ga mai kaurin inci biyu, a kan curin kansa. Daga nan har wata uku, duk bayan kwana biyu ko uku. Bayan haka sau ɗaya a mako, amma a ƙoshe: saki tiyo yana ɗiga a hankali na rabin awa. Ci gaba da haka duk lokacin zafi na shekara biyu zuwa uku. Yayyafin da na'urar ban ruwan ciyawa ke yi ba ya kai wa saiwa. Kafin ka ƙara, tura yatsa cikin ƙasa, in da danshi ka ƙyale ta, yawan ruwa ma kisa yake yi. Taki kuwa babu buƙata a shekarar farko. Abin da za ka kiyaye shi ne takin ciyawa mai haɗe da maganin kashe haki, kada ya kusanci inda saiwa take.

Gyaran rassa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ban san bishiyar da maganar nan ta fi hawa kanta kamar elm ba. Saurin girma gare ta, mita ɗaya a shekara ba abin mamaki ba ne ga ta Amurka, kuma halinta ne ta fitar da kai biyu ko uku masu kauri ɗaya daga wuri guda. Inda suka haɗu a matse, ɓawo kan shige tsakani, haɗin ya zama na ganin ido. Shekara goma sha biyar ana zaune lafiya, sai dare ɗaya ruwan ƙanƙara ya daskare a rassa, bishiya ta tsage biyu, rabi a kan mota. Valley Forge ta fi kowacce wannan rashin kan gado tana ƙarama.

A shekarar dashe cire busasshe da karyayye kawai. Daga shekara ta biyu, duk hunturu bayan ganye ya zube, fito da almakashin lambu da ƙaramin zarto. Zaɓi kai ɗaya ya zama shugaba. Duk wanda ke takara da shi, rage masa tsawo da kamar kashi ɗaya cikin uku, a daidai wani ƙaramin reshe da ke kallon waje, baɗi ka ƙara ragewa ko ka cire shi. Ƙa'idar da nake bi ita ce kada wani reshe ya wuce rabin kaurin jikin da ya fito daga gare shi. Rassan da za su zauna din-din-din su kasance a warwatse zagaye, da tazarar kamu biyu ko fiye tsakaninsu. Ƙananan rassan ƙasa kada ka yi gaggawar share su, su ke sa jiki ya yi kauri; a riƙa cire ɗaya ko biyu a shekara har mutum ya iya wucewa ba sunkuyo. Jimillar abin da za ka cire a shekara kada ya wuce rubu'in rassan.

Wurin yanka akwai ɗan kumburi a gindin kowane reshe, kamar wuyan riga. Yanka a bayansa kaɗan, kada ka share shi, kada kuma ka bar dungu. Reshe mai nauyi sara uku ake yi masa: ɗan tsaga ta ƙasa, sannan yankewa ta sama gaba da tsagar don nauyin ya faɗi, sannan a gyara dungun. Ba a shafa fenti ko kwalta a ciwon. Kuma kwal-kwabon da muke yi wa darbejiya, a sare kai gaba ɗaya ta sake tohowa, elm ba ta yafe shi: tohon da zai fito ba ƙwari, ruɓa kuma ta shiga ta sama.

Lokaci yana da muhimmanci ƙwarai ga ta Amurka. Ƙamshin sabon yanka na jawo ƙwarin da ke ɗauke da cuta, don haka ba a taɓa ta daga Afrilu har sanyi ya shigo. A wasu lardunan Kanada doka ce: a Alberta an hana daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Satumba, a Saskatchewan zuwa 31 ga Agusta, a Manitoba zuwa 31 ga Yuli. Ranar da aikin ya kai ga hawa tsani da zarto, nan naka ya ƙare, kira ƙwararre mai takardar shaida da inshora.

Abin da za ka riƙa sa wa ido

A watannin Yuni da Yuli riƙa ɗaga kai. Idan ka ga reshe guda a sama ganyensa ya yi yaushi, ya koma rawaya sannan ruwan ƙasa alhali sauran na kore, kira ƙwararre a makon. In aka ɓare ɓawon reshen aka ga zane-zane masu duhu a jikin itacen, alamar cutar Holan ce, kuma in an yi sauri akan ceci bishiyar ta hanyar yanke reshen can ƙasa da inda zanen ya tsaya. Akwai allurar rigakafi da ake yi wa manyan bishiyoyi duk bayan shekara biyu ko uku, da tsada, ba aikin ƙaramar dashe ba ce. Itacen elm da aka sare kuma ba a jibge shi da ɓawonsa don murhu ko gashin naman Sallah, a cikinsa ƙwarin ke hayayyafa.

Ta Sin matsalolinta ƙanana ne. Baƙaƙen ɗigo a ganye in an yi shekara mai yawan ruwa, maganinsu share ganyen da ya zube. Kauci yakan hau ta a kudu, a yanke reshen da ya kama tun yana ƙarami. Sai 'ya'ya: duk ƙarshen shekara takan zubo iri masu fuka-fuki, su cika indararo, in zafi ya dawo kuma su tsiro a duk inda ƙasa take a buɗe. Tawa yanzu ta wuce rufin gidan, inuwarta na kaiwa tagar falo tun kafin la'asar, kuma duk watan Mayu ni da yara mukan ɗauki safiyar Asabar guda muna tuge 'ya'yanta daga cikin kunyar yakuwa da alayyafon uwargida, tun saiwarsu ba ta yi ƙarfin da sai an sa fartanya ba.